Kaskon Kumfar Kawu

Gashi na fara gani. Wata safiyar Alhamis ce, ban fi wata biyu da dawowa gidan Kawu a Bodinga ba bayan mutuwar aurena. Ina shanya wanki, shi kuma yana tsugune bakin rariya yana alwalar walaha. Ya ture hularsa baya zai yi shafar kai, sai ga farin gashi ya cika kan, a tsaitsaye kamar audugar da ba a gurza ba. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Tun ina yarinya ban taɓa ganin kan Kawu ba sai yana ƙyalli kamar bayan sabuwar ƙwarya, don wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Ya lura ina kallonsa, ya ja hular ya rufe da sauri.

Shekara huɗu ke nan da Mai shi ya karɓi abinsa. Daga gare Shi muke, can kuma duk muka nufa. Na ɗauki alƙalami ne don na ga abin da ya rage a bakin mutane game da Kawu bai wuce magana ɗaya ba, ita ma ba su san kanta ba.

Maganar ta fito ne ranar rasuwar. Waɗanda suka yi masa wanka sun fito suna kallon juna, kafin a kai shi makwancinsa zancen ya riga ya shigo cikin gida wurin mata. Wai kan Malam duk tabon yanka ne, sabo da tsoho, ga tsibi-tsibin gashi an bari a ƙeya da bayan kunne, kamar gonar da awaki suka shiga. Wata maƙwabciyarmu ta tafa hannu tana tambaya wane marar tausayi ne ya yi wa bawan Allah wannan aiki. Wasu suka ɗora wa ɗansa da ke da shagon aski na inji a Sakkwato, alhali shi tun da ya tashi bai taɓa kan ubansa ba. Ya sunkuyar da kai a kan tabarma, bai kare kansa ba. A ƙofar gida kuma an ce wani tsoho manomin albasa ya zauna yana share hawaye da bakin rawani, yana faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa cewa shekara arba'in Malam na aske shi, ko ɗigon jini bai taɓa gani ba, to yaya za a ce mai wannan hannu ya tafi da kai haka.

Matar Kawu, wadda muke kira Inna, tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi. Da surutun ya ishe ta sai ta ɗaga kai ta ce, "Ku bar mashi kainai. Shi yaz zaɓi wanzaminai."

Ba wanda ya sake tada zancen a gabanta, amma ba wanda ya gane.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na girma bayan rasuwarta. Mutum ne marar yawan magana, sai dai in ya faɗi ɗaya takan zauna. Yakan ce kai ma gona ne, wanda bai jiƙa ba kada ya sa garma. In ɗan koyo ya yanki mutum ya ce aska ce ta dakushe, sai Kawu ya ce a bar ɗora wa aska laifin ruwa. Ba ya magana in aska na kusa da kunne, ko da hakimi ne ya yi masa tambaya. Gashin da ya aske kuwa ba ya barinsa a ƙasa, sai ya tattara ya haƙa rami ya binne, wai abin da ya fito daga jikin ɗan Adam ba a bar wa iska. Akwai wani mai taɓin hankali da ke kwana a rumfunan kasuwa, kowa na gudunsa saboda ƙwarƙwata. Duk wata Kawu kan zaunar da shi bayan masallaci ya aske shi da sabulu mai kyau, yana kiransa Malam, har mutumin ya saba, da ya ga jinjirin wata sai ya zo ya tsuguna ƙofar gidanmu ya cire tsummansa na kai.

Amma wanzami ba ya aske kansa. Shi ma sai ya tsuguna gaban wani. Wanda Kawu ke tsugunawa gabansa tun suna samari shi ne taubashinsa, ɗan goggonsa, wanda muke kira Baba na Shagari. Wurin maigida ɗaya suka koyi aska. Alhamis bayan Alhamis suke haɗuwa, wannan karon a Bodinga, na gaba a Shagari, kowa ya aske ɗan'uwansa don a shiga Jumma'a da tsabta. Inna ta ce da can in suka haɗu har maƙwabta kan leƙo, saboda tsiyar da suke wa juna. Taubasai ne, zagi halal ne a tsakaninsu.

Sai aka yi abin Dingyadi. Akwai wani gida na manoman albasa a can, wanda askin sunansu na gidanmu ne tun daga kakan Kawu. A wurin wanzamai wannan gado ne kamar gona. Wata damina aka yi haihuwa a gidan, ranar suna ruwa ya kwana yana zuba, Kawu kuma yana fama da masassara, bai isa ba sai da hantsi ya yi. Baba ya je garin wata hidima tasa, mutanen gidan suka gan shi da zabira suka roƙe shi, ya aske jaririn. Bai aika ba, bai kuma ce a madadin wane yake yi ba, har ya bari maroƙi ya kira sunansa a gaban taro. Kawu ya iso jiƙe sharkaf ya tarar an gama. A gaban mutane ya ce ashe har kai ma ana sata. Baba ya ce mai aska ba ya barci har hantsi.

Daga ranar suka daina magana. Shekara goma sha ɗaya.

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne askin bai tsaya ba. Duk sa'o'insu sun mutu ko sun ajiye aska, kuma ba wanda zai miƙa kansa ga yaro ko ga inji. Don haka ranar Alhamis ɗaya zai hau mota ya je gidan ɗaya. Ya yi sallama, a amsa masa, don kada su shiga hukuncin masu gaba. Daga nan shiru. Wannan ya tsuguna, wancan ya ɗora masa aska a maƙogwaro ya gyara gemu, su juya, su wanke hannu, mai tafiya ya tafi. Inna takan aika da fura, a sha, a mayar da ƙwarya. Tsoron da ke ranta ɗaya ne, ta sha faɗa mini: kada mutuwa ta ɗauki ɗaya a cikin wannan shirun.

Ni lokacin da na dawo gidan ban san ko ɗaya daga wannan ba, don da ƙuruciya ban kula ba, daga baya kuma ina ɗakin miji. Ina ganin dai Kawu ya sa wankakkiyar riga ranar Alhamis, ya shafa turare, ya tafi Shagari, ya dawo da yamma jikinsa a sanyaye ya zauna yana kallon bango. Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya ne abokan hirata, ƙarƙashin matashina cike yake da su, kuma zuciyata a buɗe take kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Sai na ƙirƙira masa mace. Doguwa, mai wushirya, wadda aka hana shi a ƙuruciya, yanzu mijinta ya mutu, yana zuwa su gaisa ta bayan labule. Har tausayin Inna nake ji. Ranar da na kasa riƙewa na yi mata zancen a kaikaice, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce budurwar tasa gemu gare ta har ƙirji. Sannan dariyar ta tsaya, ta ba ni labarin da na ba ku, ta ƙara da abin da ya kawo gashin da na gani: wata uku ke nan ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Hannun askarsa ya mutu. Kawu na zuwa duk Alhamis yanzu ya aske shi, amma shi ba mai aske shi.

Da sanyi ya shigo sai wata matsala ta taso. Tasar da Kawu ke kaɗa kumfa a ciki ƙarama ce ta tagulla, gadon ubansa. Za a zuba ruwan zafi, ya sa sabulun salo ya kaɗa da ɗan soso, amma kafin ya gama rabin kai kumfar ta yi sanyi kamar ruwan randa. Ɓarin da ya shanye ba ya ji. Ɓarin da ke raye kuwa sai ya kama rawa, haƙora na haɗuwa, kuma Baba ba zai buɗe baki ya ce sanyi yake ji ba. Wata Alhamis yana cikin wannan makyarkyata askar ta kama shi a bayan kunne. Kaɗan ne, amma jini ne. Kawu ya dawo bai ci tuwo ba. Na ji yana ce wa Inna in haka za a ci gaba gara ya daina zuwa, kada wata rana ya yi abin da zai mutu da shi. Inna ta ce in ya daina zuwa, da me za su riƙa gaisawa.

Ranar kasuwa ya ce in ɗauko mayafi in raka shi, idonsa ba ya ganin ƙananan tsaga yanzu. Muka bi rumfunan masu kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Ni da na fara ɗauka wani ɗan kwanon langa ne fari mai jajayen furanni, na ce ko marar lafiya ya gan shi zai ji daɗi. Ya juya shi a hannu ya ce wannan na jeren amarya ne, kuma shi da tasa duk jirgi ɗaya, ƙarfe mai saurin fushi ne mai saurin hucewa. Mai rumfar ya miƙo na roba yana yabon ƙarkonsa. Kawu ya shafa cikinsa da babban yatsa ya ce ya cika santsi, kumfa ba ta da inda za ta kama ta tashi, sai dai ta yi ta zamewa kamar maganar dillali. Wurin masu ƙorai ya fi daɗewa. Ya ce cikin ƙoƙo yana da kaushin da ake so, kuma ba ya ƙara in aska ta taɓa shi, amma yana shan sabulu, bayan 'yan kwanaki ya yi tsami, ruwan zafi kuma yana tsufar da shi. Na ce to me zai hana mu sayi filas mu riƙa zuwa da ruwan zafinmu. Ya ce ruwan zafi akwai shi a Shagari, wuta ba ta ƙare ba a can. Kumfar ce ke mutuwa a hannunsa.

Muka dawo hannu biyu.

Inna ce ta warware ba da saninta ba. Kawu ya makara a masallaci, ta ɗora kwanon miyarsa a bakin tukunyar da ke da sauran ruwan zafi don kada ta daskare. Ya shigo ya tsaya kan tukunyar ya daɗe, har ta tambaye shi ko wani abu ya faɗa ciki.

Washegari muka tafi gidan wata tsohuwa mai ginin tukwane a bayan gari. Ya tsuguna ya zana mata a ƙasa da tsinke. Ɗan kasko yake so, faɗin tafin hannu, a karce cikinsa da kara tun yumɓu na ɗanye don kumfa ta sami abin kamawa. A ƙarƙashinsa a manna wata 'yar tukunya mai ɗan hanci a gefe, inda za a ɗura ruwan zafi a toshe da tsumma. A baki kuma a yi ɗan gurbi inda aska za ta huta. Tsohuwar ta ce shekara hamsin tana gini ba ta taɓa yin tukunya mai ɗaki biyu ba, ta tambaya kan sarki za a aske ko na ango. Kawu ya ce kan wani ɓarawo ne.

Na farko ya fashe a wuta. Na biyu ya fito lafiya amma nauyinsa ya fi ƙarfin zabira, kuma da na duba da kyau na ga siririyar tsaga a gindin hancin. Na ukun ne ya yi. Kawu ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kasa kunne, ya sa na ɗura ruwa, ya kaɗa kumfa, ya ce in je in share tsakar gida in dawo. Da na dawo ya ɗiba ya shafa mini a cikin wuyan hannu. Da ɗuminta. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka ce matarsa ta sauka lafiya.

Na roƙe shi in bi shi Shagari da sunan duba marar lafiya, ya yarda. 'Yar Baba ta tafasa ruwa, aka jingina tsohon da bango a inda rana ke faɗowa. Ya rame, bakinsa ya karkace, amma idanun suna nan da kaifinsu. Aka yi sallama, aka amsa. Baba ya dubi kaskon, ya kau da kai. Kawu ya shafa kumfa, ya wasa aska a fata, ya fara daga goshi. Ni ina riƙe da kaskon a gefe ina jiran abin da littattafaina suka saba mini: hawaye, rungumar juna, dogon jawabi. Ba abin da ya motsa sai askar. Baba ya lumshe ido, kafaɗarsa ta sauka. Babu rawar jiki.

An kai rabin kai, Kawu ya sake ɗibar kumfa ya shafa, sai muka ji murya mai nauyi, harshe na ja da ƙyar.

"Ta cika zahi."

Askar ta tsaya a sama. 'Yar Baba ta rufe baki da mayafi. Kawu ya ɗauki lokaci yana goge askar a tsumma, gefe da gefe, abin da ba ya buƙatar gogewa.

"Can dama ba ka iya godiya ba," in ji shi, ya ci gaba da aski.

Da aka gama Baba ya nuna hular Kawu da haɓa ya ce ya cire ya gani. Kawu ya yi kamar bai ji ba, sannan ya cire. Baba ya dube shi ya daɗe, rabin bakinsa mai rai ya fara dariya.

"Tunkiya. Kawo kan."

"Da wane hannu?"

"Wanda Allah yab bar min."

Na ɗauka Kawu zai ƙi. Sai na ga ya sake wasa askar, ya buɗe yatsun hagun Baba ya sa ta a ciki, ya gyara masa riƙon, ya kaɗa sabuwar kumfa ya shafa wa kansa, ya durƙusa ya sunkuyo har goshinsa ya kusa taɓa gwiwar taubashinsa. An fi awa ana wannan aski. Sau biyu na sake ɗura ruwan zafi. Wuri huɗu jini ya fito, duk wanda ya fito Kawu sai ya ce ɗan koyo, Baba ya ce kan ne ba shi da tsari tun asali. A mota muna dawowa ya ƙi sa hula, iska na bugun yankan, yana kallon gonakin albasa ta taga.

Haka aka yi kusan shekara biyu. Hannun hagun bai taɓa ƙwarewa ba, Kawu kuma bai taɓa bari wani ya gyara masa abin da aka bari ba. Hira ta dawo, ta gero da albasa da waɗanda suka mutu, kuma ba Alhamis da za ta wuce ba su tada maganar Dingyadi ba, kowa na kan bakansa. Ban taɓa jin ɗaya ya ce da ɗaya ya yafe ba. Abin ya dame ni har na tambayi Kawu. Ya ce mini su ba littafi ba ne.

Ciwon ƙirji ne na kwana uku, Kawu ya cika ranar Talata bayan la'asar, kwana biyar da askinsa na ƙarshe. Ba a iya ɗauko Baba ba. Wanda ya kai masa labari ya ce ya yi salati, sannan ya ce ranar da ya kamata mutumin nan ya makara, bai makara ba. Allah Ya sanyaya wa Kawu makwanci, Ya sa hannun da ya tausasa wa bayinsa ya zama shaida a gare shi.

Bayan arba'in Inna ta naɗe kaskon a zane ta aika wa Baba. Daga baya 'yar tasa ta ɗauke tsohon zuwa gidan mijinta a Mandera, can ya yi shekara uku. Wani matashin wanzami ke zuwa aske shi. 'Yar ta ce mini ko ruwan ya yi zafi ko ya yi sanyi bai taɓa cewa uffan ba, har godiya yake yi, kuma wannan godiyar ce ta fi ba ta tsoro.

Nakan je duba shi in na sami mota. Yana zaune a zaure a kan buzu, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ja shi zuwa Dingyadi: ruwan da aka kwana ana yi, ragon da aka riga aka yanka, jaririn da ke kuka, mutanen da suka taru. In ya kai ƙarshe sai ya ce to a nan wa ke da gaskiya, ya yi shiru yana kallon ƙofa. Baƙi ba su san zancen ba, sai su yi murmushi su ce Allah Ya ƙara sauƙi.

Zuwana na ƙarshe, farkon daminar bara, ya sake ba ni labarin tun daga kai. Da ya yi tambayar ya yi shirun nan nasa, sai tausayi ya kama ni, na ce Baba ai kai ke da gaskiya.

Ya juyo ya dube ni kamar na zage shi.

"Ke mi kinka sani? Gidansu na tun kaka. Aike ɗai ya kamata in yi, ban yi ba."

Ya mayar da idonsa ƙofa. Na zauna tare da shi har aka kira azahar. Kafin a yanke gero ya rasu, aka binne shi a Mandera, inda ba wanda ya san shi yana riƙe da aska.